Kabewar da Udeni Ta Bari a Ƙasan Teku

Tun da jirgin bincike ya bar Kochi, a jihar Kerala ta Indiya, ake lallaɓa Vinayan, shi kuwa bai ga abin lallaɓawa a jikinsa ba. Yana cin rogonsa da miyar kifi har ya nemi ƙari, yana barci sai ka ce biyansa ake yi, da safe ya sauka ɗakin kayan aiki ya shafa wa kusoshi mai. Da ya shigo wurin cin abinci sai hira ta mutu, wannan ya ja masa kujera, wancan ya turo masa ayaba. Matarsa ta rasu tun kafin damina ta faɗi, wannan kam gaskiya ne. An ƙone gawar a garinsu, an yi sadakar bakwai, an yi ta wata uku, ya zauna ya tashi duk inda dangi suka nuna masa. Amma ya lalubi cikinsa ya fi a ƙirga, bai tarar da komai ba.

Sunanta Udeni, 'yar Matara ce, can kudancin Sri Lanka, kuma a kan jirgin nan suka haɗu lokacin da aka fara tara masana teku na ƙasashe uku wuri guda. Dalilin tarawar ba ɓoyayye ba ne. Duk damina, in iskar yamma ta kama, sai ta ture ruwan bisa daga bakin gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincin kifi, komar masunta ta cika tun daga Oman har Kerala har Matara. Wata shekarar ya taso a kan kari, wata ya yi nawa, a kwana da yunwa a ƙasa uku. Ruwa bai san iyaka ba, jirgi kuwa ba kayan talaka ba ne, sai aka yi karo-karo. Indiya ta ba da jirgi, Oman ta sayi na'urori, Sri Lanka ta ba da ruwanta da mutanenta. Awannin aikin jirgin ma raba su ake yi kamar naman watanda, kuma faɗan da ake yi a kansu ya fi na naman.

Udeni masaniya ce mai digiri uku. Vinayan makanike ne, shi ke ɗaure igiya ya rufe murfin na'ura. Da ya aure ta 'yan Sri Lanka suka sa masa suruki, sunan ya bi shi har bakin waɗanda ba su da 'ya a gidansa.

Bara war haka ta kafa aikin da ta yi shekaru tana roƙon a bar ta ta yi. Na'ura ce guda a cikin wani ƙaton ƙwallo ruwan lemo da ma'aikatan jirgi ke kira Kabewa. Aka ɗaure ta da tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa aka nutsar kudu da Matara, ta zauna can shekara guda tana buga sauti sama, tana auna tafiyar ruwa, tana adanawa a cikinta. Ba wanda ya taɓa samun cikakkiyar shekara a wurin. Abin da suka zo ɗauka ke nan, kuma shi ne aiki na ƙarshe da Udeni ta yi da hannunta. Vinayan ya sa a ransa cewa ranar da ya ga shekarar nan tata ta fito a allo, ranar zai ji abin da ya kamata mijin mamaciya ya ji.

Mutum ɗaya ne ba ya lallaɓa shi, Dakta Khalfan na tawagar Oman, wani dogo mai surutu da teku ke wahalarwa duk shekara bai daddara ba.

"Surukin mutane, wai kai wane irin ciki gare ka?" in ji shi wata safiya, yana rungume da bokiti. "Ni hanjina na neman fita, kai kana suɗe faranti."

"Ka daina shan gahawa ba ka karya ba."

"In daina gahawa in sha me? Wannan ruwan ɗaurayar kofin da kuke kira shayi?"

"To ci gaba da amanka."

Khalfan ya yi dariya har ya kusa sakin bokitin. Vinayan ya ga wurin dariya ne, shi ma ya buɗe haƙora.

Shugabar tafiyar Farfesa Damayanthi ce, wata gajeruwar tsohuwa da ta koyar da Udeni tun tana 'yar jami'a. Ita ta yi ta kai gwauro tana kai mari har ƙasashen uku suka yarda cewa duk abin da ya fito daga Kabewa, sunan Udeni za a fara sawa a kai. Safiyar da suka isa wurin ta sa kuku ya dafa shinkafa da madarar kwakwa, irin ta ranar abin arziki, ta yanka da hannunta ta miƙa wa Vinayan yankin farko.

"Ci, ɗana. Yau 'yarmu za ta yi magana."

Ya ci. Gishirin ya ɗan yi kaɗan.

Ana yayyafi, teku ta yi kore shar, alamar ruwan ƙasa ya riga ya taso. Vinayan ya zura lasifikar ruwa ta gefen jirgi ya aika kira. A ƙarƙashin Kabewa akwai sakata mai jin sauti, ita ke riƙe da ita a jikin ƙafafun jirgin ƙasan, sai an kira ta da lambarta take saki. Ya kira, shiru. Ya sake, shiru. Mutane suka fara kallon takalmansu. Can sakatar ta amsa, ya aika mata umarnin saki, kowa ya ruga bakin ƙarfe yana leƙen ruwa. Koya, shugaban ma'aikatan jirgi, shi ya fara hango ta tana lilo a kan igiyar ruwa, ya nuna da haɓa ya ce ga kabewarku can ta nuna.

Aka jawo ta da ƙugiya. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa sun lulluɓe ta, tana ƙarni. Aka yi tafi, Farfesa ta share ido da gefen mayafinta. Vinayan ya durƙusa ya bi bakin murfin da yatsa, ya ga yadda ya rufe shi bara haka yake, ko ɗigo bai shiga ba.

Da la'asar ya jona mata waya zuwa kwamfuta a ɗakin bincike. Farfesa da Khalfan suna tsaye a bayansa, sauran sun cunkushe a bakin ƙofa. Allo ya kawo. Ya duba ma'adanar, babu komai. Ya ce ko wayar ce, ya cire ya hura ya mayar. Babu komai. Ya duba batir, cike yake taf kamar yau aka saka shi.

"Batir cike?" in ji Farfesa. "Bayan shekara?"

Vinayan ya buɗe umarnin da aka ba na'urar. Ƙa'idar aikin ita ce ba a kunna ta a kan jirgi. Ana rubuta mata ranar da za ta farka ne, a sa washegari da tsakar rana, lokacin ta riga ta zauna a ƙasa, don kada a ɓata batir a banza. Ga umarnin nan yadda Udeni ta rubuta shi, tsaf, kowane layi a muhallinsa. Rana daidai, wata daidai. A wurin shekara ta zarce da ɗaya. Na'urar ta yi damina da rani a ƙasan teku tana barci, tana jiran ranar da aka ce mata, kuma ranar ita ce gobe. A ƙasan allon tambaya ta fito, ko a soke wannan umarni.

Na bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na duba aikin bayan ta gama," in ji Khalfan, muryarsa ta koma ta wani mutum daban. Doka ce ta haɗakar, in ɗan wata ƙasa ya rubuta umarni, ɗan wata ƙasar ke dubawa. "Na karanta rana, na karanta wata. Wa ke karanta shekara? Kuma Udeni ce fa. Da wani ne da na bi shi baƙi-baƙi."

Vinayan yana jin su, amma hankalinsa yana ofishin likita a Kochi. Bayan ta faɗi a kicin aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, likitan ya tambaye shi yaushe ta fara mantuwa, yaushe ta fara rikita lamba ko kwanan wata. Ya ce ba ta taɓa ba, matarsa ba ta mantuwa. Likitan ya ce irin wannan a hankali yake girma, da an zo da wuri, sai bai ƙarasa ba. To ga amsar likita a allo. Ranar da aka nutsar da Kabewa ma, ya tuna, ta zuba sukari a shayinta ta juya, ta sake zubawa ta juya, ya yi mata tsiya ya ce auren ɗan Kerala ya koya mata almubazzaranci, ta yi dariya ta shanye. Ya tsaya ya ji ko abin zai soke shi. Bai soke shi ba. Ya lura da shi ne kawai yadda yake lura da kusar da ta kwance.

Farfesa ta rufe ƙofa, suka rage su uku. Ta zauna, ta daɗe tana murza zoben hannunta.

"Ku saurare ni. Za mu ce ruwa ne ya shiga. Na'urori nawa ruwa ya ci a tekun nan? Ba wanda zai tambaya. Yaran nan da suka gani nawa ne, zan yi musu magana."

"Ruwa bai shiga ba, Farfesa," in ji Vinayan.

"Na sani, ɗana. Ba zan sa sunanka ba, sai in ce robar murfin ce ta zo da aibi."

"Ba sunana nake ji ba. In kika ce ruwa ya shiga, sai an kwashe ta an kai wa waɗanda suka ƙera ta su bincika. Ba za ta koma ruwa bana ba."

"To kada ta koma." Tsohuwar ta saki zoben. "Ka san abin da za a ce? Za a ce ta ɓata wa ƙasa uku shekara. A taro za a faɗa, a gaban mutanen da ko jakarta ba su isa ɗauka ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Duk wanda ya san tarukan nan ya san su, masu kwat da ba su taɓa jiƙa takalmi ba, su ne kan gaba wajen nuna kuskuren wanda ya jiƙa nasa. Za su ce Allah sarki, su ce ai ba ta da lafiya, su sa kuskuren a darasin ɗalibai da sunanta a kai. Vinayan ya san haka sarai. Ya auna abin a ransa, sunanta a hannu guda, Kabewa a ɗaya hannun, ya ji duk nauyinsu ɗaya ne, wato babu. Sai ya bi abin da ya iya, aikin makanike.

"Batir cike yake. Umarninta ba shi da aibi sai shekara, shekarar kuma ga ta ta iso. A kankare ta a mayar."

"Sunanta fa?"

"Ba ta nan, Farfesa. Ba za ta ji ba."

Tsohuwar ta dube shi kamar ya mare ta. Bai yi nufin haka ba, amma bai ga abin gyarawa a maganar ba.

Da ta dawo hayyacinta ta koma shugabar tafiya. Ta ce in mayarwa za a yi, to a bi ƙa'ida, a soke tsohon umarni a rubuta sabo, a nutsar kafin duhu, domin daga wayewar gari awannin jirgi na Oman ne, dole a juya yamma.

"Ba zan soke ba," in ji Vinayan.

"To mayar da shi haka, a jefa yanzu."

"Ba zan jefa abin da ban ji ya tashi ba. An yi haka bara."

"Wato mu zauna nan har gobe da rana muna gadin kabewa? Da awannin wa?"

Duk wanda ke jirgin ya san yadda Khalfan ya samo awannin nan. Sai da ya buga tebur a taron rabo, ya yi barazanar kwashe na'urorinsu ya tafi gida, kuma aikin ɗalibansa biyu a kansu ya rataya. Yana jingine da bango tun ɗazu, bai ko motsa ba.

"Da nawa," ya ce.

"Khalfan, rabin yini ne fa. Wuraren awonka na ƙarshe za su tafi."

"Su tafi, Hajiya Farfesa. Ruwan Oman ba ƙaura zai yi ba." Ya juyo wajen Vinayan, ya nemi wata tsiyar da zai yi masa bai samu ba. "Suruki, ina abin kankara?"

Washegari tun da hantsi suna kan Kabewa su biyu, kowa da guntun ƙarfe, suna kankare mata datti. Khalfan ya yi amai sau biyu ya dawo ya ɗauki ƙarfensa. Koya da mutanensa suka jera sababbin ƙafafun jirgin ƙasa a bayan jirgi, suka ɗaura sabuwar sakata. Farfesa ta fito ta gaya wa Vinayan cewa ta aika saƙo ƙasa uku, ta faɗi yadda aka yi, ba ta rage ba ta ƙara ba. Ta faɗi haka tana kallon teku. Ya ce an gode. Jirgi na ta lilo wuri ɗaya yana shan mai, daga nesa kwale-kwalen masunta na jan koma a koren ruwan, suna ta samun kifi.

Kunnen mutum ba ya iya kama sautin na'urar, amma makanikai na da dabararsu. In ka kawo ƙaramin rediyo kusa da ita, ka murɗa shi tsakanin tasha da tasha, duk bugun da ta yi sai ka ji shi. Koya ya kawo nasa na jin wasan kurket, ya miƙa da gargaɗi.

"Suruki, ka riƙe min shi da kyau. In ya faɗa ruwa, kai ma ka bi shi."

Da rana ta kusa tsakiya kowa ya fito, har kuku da cokalinsa. Vinayan ya tsuguna ya kara rediyon a jikin Kabewa. Ba abin da ke fita sai shuuu. Yayyafi na sauka a wuyansa. Yana jin numfashin Khalfan a bayansa, yana jin gwiwarsa ta hagu na masa ciwo, ya ce a ransa ya kamata ya nemi man zafi in an tashi. Lokaci ya cika a agogon jirgi, rediyo na shuuu. Wani ya yi gyaran murya.

Sai ƙas. Sai kuma ƙas, ƙas, ƙas, a jere, ba gaggawa, daidai tazarar da ta rubuta.

Farfesa ta toshe bakinta da mayafi. Khalfan ya koma gefe ya ba su baya, kafaɗunsa na motsi. Vinayan ya saurara har ya tabbata bugun bai tsallake ba, ya sake lalubar cikinsa, ya ji dai gwiwar ce kawai.

"Tana aiki," ya ce. "A ɗaga."

Aka ɗaga Kabewa aka sauke ta a ruwa, jirgi ya ja gaba a hankali igiya na warwarewa. Ƙafafun jirgin ƙasan na rataye a baki, igiyar saki a hannun Vinayan, rediyon a ɗaya hannun. Koya ya ɗaga masa kai. Ya fizge. Ƙarafan suka faɗa da ƙara, ruwa ya fantsamo, Kabewa ta yi gudu a bisa ruwa kamar ana janta da mota, sannan ta nutse. Wurin ya haɗe, kore shar kamar sauran.

Ya goge hannu a wando, ya juya wajen ƙofar ɗakin bincike. Nan masanin da ke da aiki kan tsaya in ana jefa kayansa, makanike ya juyo ya ba shi rahoto, haka ake yi a kowane jirgi. Ya ɗaga babban yatsa sama.

"Udeni, ta sauka lafi..."

Kuku ne a bakin ƙofar, da cokali a hannu.

Hannun ya tsaya a sama, ya rasa yadda ake sauke shi. Kewarta ta taso masa tun daga ƙasan ciki, ta cika ƙirji. Ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen ƙarfen, ya kara rediyon a kunnensa da hannu biyu. Koya ya taho karɓar kayansa, ya tsaya, ya juya ya ce wa yaransa su naɗe igiya.